Ƙanena Ne Zai Koya Mini Dokar Ƙafa

Malama, ki taimake ni, abin nan yana cina a rai.

Shekarata goma sha uku ina alƙalancin ƙwallon kwando. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa riƙe usur. A wani wasa da muka hura tare, wani ɗan wasa ya kafe ƙafar hagu yana juyawa a kanta, sai ya ɗaga ta, na busa cewa ya yi tafiya da ƙwallo. Ƙanena ya matso ya raɗa mini cewa ɗan wasan ya jefa wa abokinsa ƙwallon kafin ƙafar ta koma ƙasa, don haka babu laifi. Na ƙi ji. Da aka duba bidiyo, shi ne da gaskiya.

Yanzu ƙungiyarmu ta zaɓe shi ya koyar da alƙalai wannan doka, ni kuma in zauna a benci da biro. Mahaifiyarmu, da ba ta san bambancin kwando da raga ba, sai yabonsa take yi a gaban baƙi. Idan ya kira ni ba na ɗauka. Wallahi har na tanadi tambayoyi masu wuya don in ƙure shi a gaban mutane. Ina sonsa, amma ƙirjina zafi yake.

Mai Usur

Mai Usur, sannu. Ba laifi ba ne ka ji ciwo, shekara goma sha uku ba wasa ba ce, kuma ya kamata a ce an tuntuɓe ka. Amma ka lura, ƙanenka raɗa ya yi maka, bai tsinka ka a fili ba. Kai kuma kana shirin yi masa abin da ya ƙi yi maka.

Kuskurenka ƙarami ne. Ɗaga ƙafar da aka kafe laifi ne idan za a fara buga ƙwallo a ƙasa alhali ƙwallon bai bar hannu ba tukuna. Wajen jefawa kuwa, ba laifi sai idan ƙafar ta sake taka ƙasa da ƙwallon a hannu. Kowane alƙali ya taɓa ruɗewa a nan.

Ka kira shi yau. Tambayoyin nan ka kai masa gida, ku warware su tare. Ranar koyarwar ka tashi da kanka ka ba da labarin busar da ka yi kuskure. Sababbin alƙalai za su fi riƙe dokar daga bakinka. Ita kuwa Mama, bar ta ta yi yabonta, ɗanta ne.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya bar zumunci.