Hannun da Ya Riƙe Mu a Haida

Haida, Oktoba 1946

Zuwa ga Yaya Berta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Wenzel da yara. Yaya baƙunta a Bavariya? Ƙafar taki ta daina kumburi? Wani ma'aikacin jirgin ƙasa zai kawo miki wannan. Kada ki amsa ta gidan waya.

Tun da aka kwashe ku aka fitar da ku daga ƙasar bayan yaƙi, layinmu ya zama kufai. Jamusawan da suka rage 'yan kaɗan ne, kowa da farin ƙyallen da aka tilasta mana ɗaurawa a damtse. Mu ma an bar mu ne don ma'aikata na bukatar in zana gilashi, in kuma koya wa Cekawan da aka kawo, wato masu ƙasar yanzu. Ranar da amfanina ya ƙare, sai a loda mu a tarago a kore mu. Kin san ciwon ƙirjin matata Resi. Yanzu daga gado zuwa taga sai Resi ta huta a hanya. Likita ya ja ni gefe ya ce in aka sa ta a taragon kaya cikin sanyin nan, ba za ta sauka da rai ba.

Yaya, hannuna na dama ya fara rawa. Ko Resi ban gaya wa ba. Kin san aikin namu: faifan tagulla na juyawa, kai kana tura kofi a ƙarƙashinsa a hankali, abin da ya ci kuwa ya ci har abada. Da safe sai in tsoma hannun a ruwan ɗumi, ya lafa, kafin rana ta yi tsaka ya dawo.

Makon jiya Manaja Vondra ya gane idon tsoho Kilian mai goge gilashi ya yi rauni. Washegari na hango shi a bayan motar korarru da ƙunshinsa a cinya. Ko hannu ban iya ɗaga masa ba.

A ajina, cikin Cekawan, akwai wata mai suna Zdenka. Sojojinmu ne suka harbe mijinta. Ba ta taɓa yi mini murmushi ba, ban kuma ga laifinta ba. Amma sauran ɗalibai faifai suke kallo, ita hannuna take kallo.

Ki sa mu a addu'a. Resi na gaishe ki.

Ƙanenki,
Ottmar

Haida, Disamba 1946

Yaya Berta,

Ina gaishe ku da kyau. Na ji kun sami ɗaki da murhu, na gode wa Allah. Yaya tarin auta?

Abin da nake tsoro ya faru. Vondra ya kawo mini wani babban kofi na jan gilashi, irin na kafin yaƙi, ya ce in zana barewa a bakin rafi, za a ba wani babba daga Prag, babban birni. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Babu na biyunsa fa, Malam. Amma kai ai ba a ja maka kunne.”

Na gama rafin, na gama itatuwa. Ina kan wuyan barewar hannun ya fizge. Faifan ya tsaga mata fuska har ƙasa. Na ɗago, ɗalibai sun tafi cin abinci, saura Zdenka tsaye a bayana.

Ta ce, “Tun yaushe?”

Na ce mai ne ya yi wa faifan yawa.

Ta ce, “Malam, ni ba yarinya ba ce. Tun yaushe?”

Na ce tun bazara. Ban san sa'ad da na fara ba ta labarin Resi ba, bakina na harɗewa. Ta naɗe kofin a tsumma ta nufi ofishin manaja.

Ranar Asabar ke nan. Lahadi ko coci ban je ba. Na sauko da akwati na ce wa Resi asu nake dubawa. Ta ce, “Kai da asu a tsakiyar hunturu? Ottmar, ƙaryarka ma ta tsufa.” Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in leƙa ta taga.

Gobe zan koma aiki. In ba ki sake ji daga gare ni ba, ki tambaya a sansanonin kan iyaka.

Naki,
Ottmar

Haida, Maris 1947

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ma'aikacin jirgin ne aka canza wa hanya, sai yanzu na sami wani. Ina fatan duk kuna lafiya. Muna nan a gidanmu.

Ran Litinin ɗin da na koma aiki na tarar Vondra na ta faɗa, amma ba da ni ba. Ashe Zdenka ta faɗi da kofin a kan matakala, da gangan, ta kai masa gutsattsarin ta ce santsi ne ya kwashe ta. Ya zage ta tas a gaban kowa. Da aka watse na matsa zan yi godiya, ta ce, “Riƙe abarka. Ba tausayi ba ne. Aikin nake so, dukansa, har abin da ba ka nuna wa kowa. Ido naka, hannu nawa.”

Haka muke yi tun daga ranar. Ina tsaye a kafaɗarta ina cewa sassauta, karkata, ɗaga, ana zaton darasi ne kawai. Yaya, a duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga hannu irin nata ba. Kwanan nan ta zana fuskar wata tsohuwa a jikin kwalba, na ga abin da ni ban taɓa iyawa ba. Daɗi ya kama ni har na tafa. Sai kuma na gane kaina nake sallama daga aiki.

Vondra ma ya gani. Shekaranjiya ya shigo aji, ya juya kwalbar a hasken taga, ya tambaye ta a gabana kamar ba na wurin: “To, yanzu za ki iya riƙe ajin nan ke kaɗai?”

Za ta iya, Yaya. Ni na sani, ita ma ta sani. Na cusa hannun a aljihu ina jin yana bugun cinyata. Ta daɗe tana goge yatsunta da tsumma, sannan ta ce, “Ni? Har yanzu faifan zana rubutu gagarata yake yi. A bar mini tsohon tukuna.”

Ya ce, “Zuwa yaushe?”

Ta ce, “In na gama da shi zan faɗa maka.”

Da ya fita ba ta ko dube ni ba. Ta ce, “Malam, tsayuwar me kake yi? Miƙo mai.”

Ban san ranar da za ta gama da ni ba, ban kuma da bakin tambaya. Resi ta fara zama a kujera da rana, jiya ta shanye miyar dankalinta. In ɗumi ya shigo ta ƙara ƙarfi, wataƙila ta iya tafiyar. Don Allah ki fara cigiyar ɗaki a ƙasa, wanda ba matakala, kusa da likita.

Ki gaida Wenzel da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanenki,
Ottmar