Kabarin Baba Ya Shiga Siyasa

Litinin, 5 ga Oktoba

Na je makabartarmu ta Leeville da safe. Ruwa ya cinye layin gaba kakaf, yanzu kabarin Baba ne a bakin gaɓa. Akwatin simintin da yake kwance a ciki ya karkata, ruwa yana lasar gindinsa. Bara da takalmin coci na zagaya shi, yau sai da na sa na roba.

Daga can na wuce gidan tsofaffi wajen Mama. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Verna, yaushe za ku ɗauko min Ulysse?" Ta tanadi wuri biyu a makabartar Larose, kan tudu, nata da nasa. Ta ce ba za ta kwanta ita kaɗai ba, kuma ba za ta bi shi cikin ruwa ba. Ta kusa shekara casa'in. Na ce mata kwanan nan.

Laraba, 7 ga Oktoba

Mai jirgin ruwan da ke da ƙugiyar ɗaga kaya ya ce ko a makon nan zai iya ɗaga akwatin. Fada, limamin cocinmu, ya yarda. Saura Yaya Clovis, don ba a taɓa kabari sai 'ya'ya duka sun amince. Na same shi a ƙofar gida yana kafa allunan ɗan takararsu na jam'iyyar 'yan ja, wanda nake kira Mai Hula, saboda hular ma'aikatan mai da yake yawo da ita, wadda ko ɗigon mai bai taɓa ɓata ta ba.

"A bari sai bayan zaɓe."

Na ce me ya haɗa Baba da zaɓe? Wai idan aka ga muna ɗauke shi yanzu, 'yan shuɗi za su ce ga shi nan, haƙar mai ta cinye ƙasa har matattu suna ƙaura. Wai dokar buɗe sabbin rijiyoyin mai a teku tana kan siraɗi, kowace ƙuri'a tana da amfani.

"Ke ba ki san siyasa ba, Verna."

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina dafa wa ma'aikatan rijiyar teku abinci, yau ni za a koya wa darajar mai. Na dawo gida kamar na yi bindiga don haushi.

Asabar, 10 ga Oktoba

Aline ta zo, 'yar Yaya Clovis. Ita kuma aiki take wa ɗan takarar 'yan shuɗi, Mai Fanka, wanda yake son a daina sabuwar haƙa a kakkafa manyan fankoki a teku su ba da wuta. Wata biyu ba sa ga maciji da ubanta. Ta rungume ni, ta ce, "Gwaggo, ina bayanki ɗari bisa ɗari." Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta ce amma a jira masu ɗaukar hoto su zo daga New Orleans, a ɗauki lokacin da ƙugiya take ɗaga Kaka, duniya ta gani.

Na ce kakan naki ne za ki rataya a talabijin kamar kifin gasa? Ta ce ban gane ba. Ita ma ban gane ba. A gidan nan ni kaɗai ce jaka, ashe.

Na karɓe kwanon miyar gumbo da na zuba mata.

Talata, 13 ga Oktoba

Ba ta jira ba. Ta je ta ɗauki hoton kabarin da kanta ta watsa. Sunan Baba ɓaro-ɓaro.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Yau na ga abin da ya fi wancan. Ina yanka albasa talabijin yana kunne, sai ga Yaya Clovis a tsaye gefen kabarin, riƙe da hular aikin Baba, Mai Hula ya dafa kafaɗarsa. Sun ɗauki hoton daga ɓangaren da ruwa ba ya fitowa. Clovis yana cewa mai ne ya ciyar da gidanmu, kuma ubansa zai tashi daga kabari idan aka rufe teku. Sun taka wurin da ƙafafunsu, sun ga yadda ya karkata, ba wanda ya ko cire ciyawa ɗaya.

Gaskiya ne mai ya ciyar da mu. Gaskiya ne kuma hanyoyin ruwan da kamfanoni suka yanka cikin fadama su suka jawo mana ruwan gishiri, Baba da bakinsa ya sha faɗa, yana faɗa yana ɗaure takalmin tafiya aiki. Kowanne ya yanki rabin maganarsa ya gudu da ita.

Na kira Clovis bai ɗauka ba. Na bar masa saƙon da ba zan rubuta a nan ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba

A kantin jatan lande Eulalie Pitre, wata 'yar unguwarmu, ta ce min, "Verna, tsohonku ya fi mu duka farin jini, jam'iyya biyu yake wa kamfe." Mutane suka kwashe da dariya. Wani ya ce a tambaye shi wa zai zaɓa. Na ajiye kwandon na fita ban sayi komai ba.

Mama ta ga tallan. Ta ce Clovis ya yi kyau a hoto, amma me ya sa har yanzu Ulysse yana can.

Litinin, 26 ga Oktoba

Iskar kudu tun jiya. An ce ba guguwa ba ce, ruwa ne kawai zai ɗan hau. Na je gidan Clovis na tsaya a farfajiya na ce yau ko gobe, mai ƙugiya yana nan. Ya ce saura mako guda, kabarin da ya yi shekara goma sha wani abu ba zai gudu a mako guda ba. Na ce idan wani abu ya samu Baba, a gaban Mama zan faɗi wanda ya jawo. Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ci gaba da loda alluna a mota.

Laraba, 28 ga Oktoba

An rufe hanyar Leeville. Ruwa a kan kwalta.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Ranar Dukan Tsarkaka. Tun ina yarinya gidanmu bai taɓa fashin zuwa shafa wa kaburbura farar ƙasa a wannan rana ba. Yau ni kaɗai, a ƙaramin kwale-kwalen maƙwabci. Clovis yana taron dafa shinkafa na 'yan ja, Aline tana bin gidaje tana ƙwanƙwasa ƙofa. Rabin akwatin yana cikin ruwa. Na shafa abin da hannuna ya kai, na ɗaure furanni a jikin gicciyen don kada su tafi. Na yi kuka, amma na haushi ne.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Mai Hula ya ci. A talabijin kowane ɓangare yana cewa shi ya yi nasara, dokar kuma wai sai majalisa ta zauna baɗi. Clovis ya kira da murya a shaƙe don ihun murna. "To, sai ki kira mai ƙugiyar." Kamar alfarma yake min.

Litinin, 9 ga Nuwamba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

An zura igiyoyi, ƙugiya ta ja, akwatin ya taso da sauƙin da bai kamata ba. Ba gindi. Ya ɓalle, sai laka tana zuba da 'yan ƙaguwa. Ba komai a ciki. Mai ƙugiya ya leƙa ya ce a hankali karayar sabuwa ce, simintin fari fat, ruwan ƙarshen Oktoba ne ya yi aikin.

Na juya na kalli Clovis. Duk abin da na tara na wata guda yana bakina. Kafin na buɗe, ya faɗa ruwan da kayansa, har wuya, yana laluben laka da hannu, yana nutsewa yana tasowa. Mutum mai shekara sittin da biyar da ciwon zuciya. Ɓawon kawa, wato dodon-koɗin teku, ya yayyanka masa hannu, bai ma sani ba. Aline ta jefa wayarta a ƙasan jirgi ta bi shi tana cewa, "Baba, ka fito, don Allah ka fito." Sai da maza biyu suka ciro shi.

Mun kai akwatin da gicciyen Larose, da lakar da ta maƙale a ciki. Fada ya yi addu'a. 

Talata, 10 ga Nuwamba

Gobe za mu je wajen Mama. Na ce zan faɗa, kuma zan faɗa.

Laraba, 11 ga Nuwamba

Mun same ta an yi mata gyaran gashi, wai yau ranar murna ce tunda an ɗauko Baba. Ta kama hannun Clovis da ke naɗe da bandeji, ta ce, "Kai ka ɗauko shi da kanka?" Ya buɗe baki. Na ga zai faɗa mata komai, kuma na san daga ranar ba za ta ƙara barci ba.

Na ce, "Shi ya shiga ruwan, Mama, har wuya. Sai da aka ciro shi."

Ta shafa kansa ta ce ta san ɗanta ba zai bar ubansa ba. Ta tambaya ko wurin a bushe yake. Na ce a bushe yake ƙayau.

Ban yafe masa ba, kada ma wani ya ɗauka. Don Mama na yi. A waje ya tsaya jikin motarsa ya kasa riƙe makulli. Na fizge na ce ya koma ɗaya gefen. Har muka kai gidansa yana kallon taga, ni kuma ban kashe motar da wuri ba.