Koren Wuyan Tattabara

Ya hasken idona da ya koma tsakuwa a cikinsa, ya zumar da na lasa har ta huda min haƙori, ya inuwar da na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta ashe kunama na kwance a gindin! Masoyina, ɓarawona, abin begena. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, yawan idanun da suka zuba maka ranar Asabar.

An ce min kwana uku ke nan ba ka leƙo ƙofar gida ba, wayarka kuma a kashe. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda. Hannun da ya shekara biyu yana yi maka zane ba zai gaji da rubuta maka shafi uku ba.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ka shigo rumfar wurin aikinmu na rini ka fake, farar rigarka ta manne a kafaɗa. Wata tattabara ta sauka bakin taga tana karkaɗe jiki, ni kuwa na sandare da buroshi a hannu ina kallon wuyanta. Ta juya nan, kore. Ta juya can, shunayya. Tsakanin su biyun kuma akwai wani launi da ba shi da suna a bakin kowa. An saba yi min dariya idan na tsaya irin wannan kallo. Yayata cewa take yi wata rana mota za ta kwashe ni ina tsugune ina hira da ganye. Kai kuwa sai ka tako a hankali don kada tsuntsuwar ta tashi, ka rage murya ka ce, "Za ki iya ɗora wannan a jikin yadi?" Wayyo ni! Wa ya taɓa yi min tambaya irin wannan? Wa ya taɓa kallon inda nake kallo? Tun kafin ruwan ya ɗauke, na riga na zama taka.

Wata huɗu na yi ina farautar koren nan. Baba marini, tsohon da ya koya min haɗa launi tun ban kai tsawon tukunyar rini ba, har ya gaji ya ce, "'Yar nan, ki ƙyale wa tsuntsu kayansa." Ban ƙyale ba. Na ɓata ƙyalle ya fi cikin buhu, hayaƙi ya dafa min ido, fatar hannuna ta tsage. Kai kuma kullum da la'asar sai ga ka da tsintuwa a aljihu: gashin zabuwa mai ɗigo-ɗigo, kwanson katantanwa, fiffiken mazari da ake hango rana ta cikinsa, busasshen ganyen da tsutsa ta cinye ta bar jijiyoyinsa kamar leshi. Ka ajiye a kan teburina, ni in juya shi, in maimaita shi, in karkata shi, har ya zama zanen da mace za ta ɗaura ta shiga taro. Duk na tara su a littafi ɗaya mai baƙin bango, kowane zane da guntun ƙyallen launinsa a manne a gefe. Kana zaune a kan bandir ɗin yadi kana kaɗa ƙafa kana cewa in mun yi aure da shi za mu yi labulen ɗakinmu. Ni kuwa, sakarya, har tagar ɗakin nake aunawa a zuci.

Sai Inna ta kwanta ciwo, aka ba mu gado a asibiti. Ka zo da lemo a leda, ka durƙusa ka gaishe ta, ta sa maka albarka. Da za ka tafi ka ce, "Rufin wurin aikinku yana yoyo, kawo littafin nan in adana miki." Na miƙa maka da hannu biyu. Har godiya na yi maka, ya sanyin zuciyata, har godiya!

Mako bakwai muka yi. Ranar da aka sallame mu, ina cikin motar haya, kan Inna a kafaɗata, wata mata ta shigo ta zauna kusa da ni. Na dubi cinyarta, na ga wuyan tattabarata. Na ce, "Baiwar Allah, ina kika samo wannan yadi?" Ta ce, "Sabon fitowa ne, daga masaƙa. An ce wani saurayi ne ya zana, hannunsa kamar na aljani." Na roƙe ta ta juya min bakin zanen. Sunanka ne a jere, daga wannan gefe har wancan, da manyan baƙaƙe. Ban yi kuka ba, don kada Inna ta farka.

Da na tare ka, me ka ce min? Ka tuna? Ka yi murmushin nan naka mai kashe min jiki, ka ce, "Haba, ni da ke ai duk ɗaya ne. Sunana ba naki ba ne? Su mutanen masaƙa sun fi sauraron mai iya magana." Yayata ta ɗaure gyale a ƙugu za ta je ta yaga maka riga a bainar jama'a, na riƙe ta. Na ce, "Yaya, zauna. Ya ɗauki littafi, amma bai ɗauki kaina ba." Don zane ne kawai a ciki da ƙyallen gwaji. Awon rinin, da abin da ake fara tsoma yadi a ciki, da tsawon lokacin da zai sha iska kafin a mayar da shi tukunya, ban taɓa rubuta su ko'ina ba.

Na zauna na jira, ya furen idona. Ka san daɗin jira kuwa, idan mutum ya san abin da ke tafe? Wanki ɗaya koren ya zube, ya koma ruwan kwata. Wanki biyu shunayyar ta bi shi. Mata suka riƙa dawo da yadi shago-shago suna zage-zage, wata ma ta kawo har da farar rigar mijinta da ta rine don an wanke su a baho ɗaya. Manajan masaƙa ya rasa inda zai sa kansa, aka yi masa kwatancen Baba marini. Tsohon ya karɓi ƙyallen asali na cikin littafina da ka kai musu, ya shinshina, ya ɗaga shi a rana, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan koren uwa ɗaya gare shi, kuma ba ta da gemu." Washegari sai ga manaja a ƙofar wurin aikinmu, yana sallama da murya ƙasa-ƙasa.

Ni na tsara abin da ya faru ranar Asabar a baje kolin masaƙar, kada ka zargi kowa. Ni na ce kada a gaya maka komai. Ni na ce a bari sai zauren ya cika, teloli da 'yan kasuwa da masu ɗaukar hoto, sai ka gama jawabinka na yadda tsuntsaye suke yi maka magana, sannan a shigo da tebur, takarda biyu, buroshi biyu, da ganye ɗaya da aka tsinko a bakin ƙofa. Kai, amma ka yi kyau ranar! Kamar ɗawisu bayan ruwa, cikin rigar da aka ɗinka da zanen gashin zabuwata. Da ka hango ni na fito daga cikin mutane na nufi teburin, sai ka juya ka kalli manaja. Manaja ya ce, "Bismillah, kowa ya fitar mana da zane daga wannan ganye." Ka ɗauki buroshi, gumi ya ɗiga a takarda. Da ka ɗaga abin da ka yi, wata dattijuwa a layin gaba ta gyara tabarau ta ce, "Ɗan nan, kifi ne?" Zauren ya fashe.

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, har cikin ƙashina. Kuma a daidai wannan lokaci hannuna yana ƙaiƙayin ya zaro hankici ya share maka goshi. Wace irin masifa ce wannan ka jefa ni? Me ya sa ba ka yi muni ba ko da na minti ɗaya, in samu in tsane ka in huta? Na sunkuya na yi zanena, jijiyar ganyen na bi na ninka ta takwas, ina jin tafi, idona kuwa yana bin ƙeyarka har ka fice.

To, ga abin da ba ka sani ba. Manaja ya so ya kai ka kotu, takardun ma an rubuta. Na ce a'a. In bari wani alƙali ya hukunta min kai? In bari a kulle ka inda ba zan gan ka ba? Ina! Kai nawa ne, hukuncinka ma nawa ne. Sun ba ni sashen zane gaba ɗaya, suka ce in faɗi sharaɗina. Na ce guda ɗaya ne: a bar min kai a ƙarƙashina. Ka zaɓa, ko kotu ko ni.

Za ka wanke bokitan rini. Za ka shanya yadi ka kwashe. Za ka fiƙe min fensir. Da rana kuma zan zaunar da kai a ƙaramin tebur kusa da nawa, in kama hannun nan naka mai laushi in koya masa jan layi, kamar ɗan aji ɗaya, har ranar da za ka zana ganye a ce ganye ne. Ko shekara goma za ta ɗauka, ina da haƙuri, ka gani da idonka. Ranar da ka tsaya gaban Inna da Baba marini ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ba tare da murmushin nan ba, ranar za mu sake maganar aure. Kafin nan, ba zan kalli wani ba, ba zan saurari wani ba, kai ma kuma ba za ka samu inda za ka ɓuya daga idona ba.

Litinin, ƙarfe bakwai. Ka zo da tsofaffin kaya, ya abin ƙaunata, rini ba ya fita.

Taka har numfashin ƙarshe, ko ka so ko ka ƙi,
Shugabarka a wurin aiki.