Hazon garin Uzair

Asabar, 5 Oktoba
Uzair ya kira, shi kaɗai kamar kullum. Tunda aka tura matarsa Salwa asibitin wani gari, shi kuma aka bar shi da injinan wutarsa, ban sake ganinsu tare a jawwal, wato wayar hannu, ba. Can ƙarshen arewacin Kanada, sunayen garuruwan ma ba sa zama a bakina. Na ce yaushe za ka je wurin matarka? Wai babu hanyar mota, sai jirgin sama, jirgin kuma ba kullum ba. Autana ne, na san muryarsa in yana ɓoye abu. Ina tsoron auren nan ya mutu suna rufe mini.

Talata, 8 Oktoba
Na buɗe taswira a jawwal. Tsakaninsu yatsa biyu. Na duba Makka da Jidda, yatsa huɗu ma. Mutanen unguwar Zahir, nan Makka, cin kifi kawai ke kai su Jidda su dawo. Da girmana na koyi karatu, amma ba da girmana na koyi mutane ba.

Laraba, 9 Oktoba
Na faɗa masa awona. Dariya ya yi. “Umma, taswirar ai matsewa take tana buɗewa. Ya fi nan da Riyad nisa.” Dariyar ba ta yi mini ba.

Juma'a, 11 Oktoba
Na haɗu da Murja, uwar Salwa, a tashar bas ta Kudai. Gaisuwa sama-sama, tana sauri. Ko ta san wani abu? Ban tambaya ba, kar in tayar da abin da ban tabbatar ba.

Juma'a, 18 Oktoba
Yau ya ce zai tafi. Bai tafi ba. Wai hazo.

Litinin, 21 Oktoba
Na gano inda ake duba yanayin gari. Na yi ta kwafar sunayen baƙi-baƙi har suka shiga, na farko sau uku ina ɓatawa. Yanzu da na idar da asuba sai in duba nasa, in duba nata. So nake in kama shi ranar da gari ya waye tas ya ce mini hazo. Yau dai hazon ne. Jiya ma. Ranar da nasa ya buɗe, nata ne ya rufe.

Alhamis, 24 Oktoba
Salwa ce ta kira da kanta, hancinta a toshe. Ta daɗe tana tambayar ƙafata kafin ta ce, “Umma, don Allah ki gaya mini gaskiya. Kullum hazo? Ko dai ɗanki ya gaji da ni ne?”

Ashe ita ma.

Na ce ke Salwa, ki ji tsoron Allah, garinsa a rufe yake tun Lahadi, ni nake dubawa. Nisan nan ya fi Makka da Riyad, kuma ba bas ba ce da za a taka. Asabar sun nuna rana a wurinku duka, ki gyara ɗaki ki dafa masa wani abu mai zafi. Ta yi dariya tana jan hanci, wai yaushe na zama ma'aikaciyar filin jirgi.

Ban ce na yarda da shi ba. Yarinyar ce ke kuka.