Siririyar Wayar da Na Sa wa Tanda

Yaya,

Ina gaishe ka da Mama da yara. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai 'yar ƙuna a yatsu biyu, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ka tuna yadda nake yi wa Baba dariya in ya gama haɗa wutar lantarki ya tsaya yana dafa waya da bayan hannu? Har na ce masa aikin tsofaffi ne.

To, shekaranjiya na ja wa wani gidan burodi wuta. Na sa wa tandarsu siririyar wayar fitila, wai ai bolt ɗin, wato ƙarfin wutar, ɗaya ne da na fitila. Robar ta narke, garin fizge ta na ƙone. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya ce, "Bolt ɗaya ne, amma tanda na jan wuta ninkin-ba-ninkin. Siririyar waya matse wutar take yi, dole ta yi zafi. Ba wanda ya koya maka ka dafa ka ji?"

Yaya, wallahi cewa na yi babu.

Ka turo min hoton yara. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ka karanta masa wannan. Ka dai ce masa yanzu ina dafa waya.

Ƙaninka.