Cinyar Gidan Pu Khuang Lian

Litinin, 18 ga Fabrairu

Jibi Ranar Chin, bikin ƙabilarmu, za a yanka bijimi a filin makaranta. Na ji Kaka tana ce wa masu yanka su ware cinya guda ta gidan Pu Khuang Lian, ɗan sarkin ƙauyenmu na ƙarshe. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kaka, tun 1948 aka taru a garin Falam aka soke sarautar gado. Bikin me muke yi in har yau muna kai gaisuwa?" Ta ce, "Kai a takarda ka gani. Ni a goye aka kai ni wurin. Miƙo min gishiri."

Talata, 19

Na sake karanta shafin taron Falam a littafin tarihi sau uku. Ni ke da gaskiya.

Laraba, 20

Na yi. A gaban kowa.

Bayan jawabai, mata biyu suka ɗauki cinyar a ganyen ayaba. Na tare su, na fizge, na jefa ta kan tulin naman jama'a. Na ce yau ba bawa ba ubangida, mai son nama ya bi layi. Har da wata maganar a kan ubansa, ba zan rubuta ba. Mutum uku suka tafa, su ma suka daina.

Tsohon, Pu Khuang Lian, yana zaune da mayafinsa na saƙi. Ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Yaron bai yi ƙarya ba. Ku raba." Ya dogara sandarsa ya tafi.

Abokina Ngun Hlei ya ce, "Sannu Janar, ka ci tsoho da yaƙi."

Alhamis, 21

Kaka ta ajiye min faten masara, ko kallona ba ta yi ba. Tun jiya ban ji sunana a bakinta ba.

Asabar, 23

Ngun Hlei ne ya gaya min, ashe duk ƙauyen an sani ban da ni mai karatu. Tsohon ba shi da haƙorin cin nama. A gidansa ake dafa cinyar, tsofaffi su taru su ci, su yi ta hirar da. Rana ɗaya ke nan a shekara da ake shiga gidan. Tabarma shida ya shimfiɗa ranar Laraba. Ba wanda ya je.

Littafin bai faɗi wannan ba. Ba wai ina nufin an yi kuskure a Falam ba. Amma dai.

Lahadi, 24

An buga ƙararrawar coci, ban ga tsohon ya fito ba. Na bi ta gidansa, don hanyar ta fi kusa. To, ba ta fi ba.

Yana bakin ƙofa sanye da takalmi. Ya ce, "Ɗan wa?" Na faɗa. Ya ce, "Matso, hawan nan ya fi ƙarfina." Ya dafa kafaɗata. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Haƙurin da na shirya ya ƙi fitowa, sai "A hankali, Pu," wato Baba, nake ta cewa har muka isa.

Kowa ya waiwayo. Kaka ba ta waiwayo ba, ta dai matsa a benci, wurin mutum biyu.