Mama, bana na ƙi shan kunun Dada Asta

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Talatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina hutawa a wurin Ubangiji. Ni ce Saratu, autarki. Shekara ta juya, na zo miki da magana. Ki yi haƙuri, yau fushi nake yi da ke.

A watan jiya likita ya ce ina da ciwon suga. E, irin naki. A makarantar da nake koyarwa a Jimeta, malamai sai zumuɗin sabuwar shekara suke yi, wannan za ta rage tumbi, waccan ta sayo shayin ramewa. Ni abu ɗaya na ƙudurta: duk abin da zai cuce ni ba zai shiga bakina ba, ko wa ya miƙo min. Kin san dalili.

Kin tuna shekarar da 'yan bindiga suka kore mu daga gida, muka iso Yola da kayan jikinmu kawai? Ana kwasar mutane zuwa sansanin Malkohi, sai Dada Asta ta gan mu zube a gindin bishiya a Yolde Pate. Ba ta san mu ba, ba addininmu ɗaya ba. Ta fitar da buhunan masara daga ɗakin ajiyarta, ta ce mu shiga.

Kullum da safe da kanta take kawo kunun gyaɗa, suga har ya yi yawa. "Sha, Talatu, ka rame," haka take ce miki da Hausarta ta Fulani. Ke kuma ki karɓa da hannu biyu, ki ce useko, godiyar da kika koya da Fulatanci, ki shanye tas.

Alhali tun a gida an gaya miki kina da suga. Ni da Yaya Bitrus mun sani. Ranar da na ce ki faɗa mata, harara kika watsa min. "Mu baƙi ne, Saratu. Mata ta rufa mana asiri, sai in ce mata kununta cuta ne?"

Haka kika yi ta sha. Ko bayan mun kama haya a Rumde, duk Lahadi daga coci sai gidanta, sai kunu. Da ciwon ɗan yatsan ƙafarki ya ƙi warkewa har aka yanke ƙafar, kika sa muka ce mata ƙusa kika taka.

Haba Mama! Wace irin kunya ce wannan? Kin ratsa daji da ƙafa kin tsere wa bindiga, sai ki zo gari ki zauna kina shan ajalinki a kofi, kina godiya? Wallahi duk lokacin da na tuna, zuciyata tafasa take yi.

Ranar ɗaya ga wata muka je gaishe da Dada Asta, ni da Yaya, kamar yadda kika saba kai mu. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kunun yana nan. Ta miƙo min, na ce, "Dada, ki yi haƙuri, ba zan sha ba, ina da suga." Yaya ya taka min ƙafa. Ta tambaya a ina na kwaso. Bakina ya riga ni, na ce gado na yi wurin Mama.

Ta ajiye ludayin a hankali. "Talatu yana da suga? Tun yaushe?" Na gaya mata. Ko ranar da aka binne ki ban ga ta yi irin wannan kukan ba.

Kin san abin da ta ce? Ita kanta ba ta shan kunu da suga. Tun farko nata daban take ɗiba kafin ta zuba. Dominki take sayowa, don kada ki ce an raina ki saboda ke 'yar gudun hijira ce. "Da ya faɗa min kalma ɗaya," take ta maimaitawa, "kalma ɗaya kawai."

Tun ranar Yaya ba ya ɗaga wayata. Wai na zubar da mutuncin gidanmu, na karya zuciyar tsohuwa. Ni na karya? Shi da ya yi shiru yana kallonki kina sha, shi ne mai tarbiyya ke nan?

Na gane ki, Mama, kada ki ce ban gane ba. Gida ya tafi, gona ta tafi, ba abin da ya rage a hannunki da za ki saka wa matar nan da shi sai ki shanye abin da ta ba ki. Ina kewarki. Da kina nan, da ni zan riƙa dama miki mara suga, ina yi miki tsiya kina dariya. Amma jikokinki biyu suna kallona, ba zan bar su marayu don kada a ce na yi rashin kunya ba.

Jiya da hantsi sai ga Dada Asta a Keke Napep har Rumde, da sandarta, da fulas ɗin kunu a cinya. Babu suga ko ƙwaya. Ta zauna sai da na shanye. Sannan ta roƙe ni in kai ta kabarinki ranar Asabar, wai za ta nemi gafararki.

Zan kai ta. Amma ki sani, Mama, ke ya kamata ki nemi tata.

Allah ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa. Ya sanyaya zuciyar Dada Asta, ya sauko min da Yaya. Ni kuma ya ba ni ƙarfin cewa a'a, ko a gaban wanda nake jin nauyinsa. Amin.

'Yarki mai taurin kai,
Saratu